Neman shawara: darasin taimakon da muka buɗe wa 'yan aji ɗaya ya watse, makina kuma na sauka

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ina aji uku a Kwalejin Injiniya ta jami'ar KNUST da ke Kumasi a Ghana, kuma a zaɓen da ya wuce aka ba ni shugabancin kwamitin karatu na ƙungiyar ɗaliban sashenmu. Alkawari ɗaya na yi lokacin kamfen: duk Asabar za a riƙa yi wa 'yan aji ɗaya darasin taimako kyauta a aljabara, zanen injiniya da lantarki, darussan da ke kayar da yara tun semestar farko.

Da muka fara, aji cike. Bayan jarrabawar tsakiyar semesta muka sanar a guruf cewa duk wanda bai samu rabin maki ba shi muke so ya zo, don a ji da masu buƙata. Tun daga nan mutane suka ɗauke ƙafa. Yanzu ba sa cika benci biyu, kuma masu zuwan ba su ne masu matsalar ba. Yaranmu na zango da na san ruwa na cin su, ko ƙeyarsu ba na gani. 'Yan ajinmu masu ƙoƙari da suka ce za su koyar, yanzu sun ce sai an biya su. Ɗan abin da ke asusu kuwa, shugaba ya ce na bikin makon sashe ne. Ya zama ni kaɗai nake koyar da darasi uku. CWA ɗina, wato matsakaicin makina na duk darussa, 62 ne, in ya yi ƙasa da 60 na fita daga daraja ta biyu ta sama. In ajiye muƙamin ne, ko akwai dabara?

Alhajin Sabon Zango:
Wa alaikumus salam ɗana. Maganar ajiyewa ka cire ta. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, yara sun ba ka ƙuri'a a kan wannan alkawarin. Sauran bayani sai 'yan boko su zo, ni kasuwar Kejetia na sani.

Tsohuwar sakatariya, Ayigya:
Ƙanina, waccan sanarwar ce ta kashe ajin. Ka ce wanda ya faɗi ya zo, to duk wanda aka ga ya doshi ƙofar nan ya shaida wa duniya makinsa ke nan. Yaron da ya fito daga T.I. Ahmadiyya ko Islamic SHS da sakamakon WASSCE mai kyau, wanda duk layinsu ake kiransa injiniya tun kafin ya san inda Tech Junction, mahaɗar bakin jami'a, yake, kana tsammanin zai zo ya zauna a layin waɗanda suka faɗi? Gara masa ya sha tirel, wato ya faɗi darasin ya maimaita, a ɓoye.

Ba kai ka fara cin karo da wannan ba. A 1973, a Jami'ar Missouri da ke Kansas City a Amurka, wata malama Deanna Martin ta kafa tsarin ɗalibi ya taimaki ɗalibi, wanda daga baya ya bazu har Ingila da Ostareliya da sunan PASS. Ginshiƙinsa shi ne darasi ake cewa yana da wuya, ba a cewa ɗalibi ne mai rauni. A zaɓi darasin da aka san yana kayar da mutane duk shekara, a buɗe ƙofa ga kowa tun makon farko, mai 80 da mai 35 su zauna tare, ba a tambayar kowa makinsa. Kuma wanda ke jagoranci ba lakca yake maimaitawa ba. Ɗalibi ne da ya ci darasin, aikinsa ya raba yara rukuni-rukuni, ya ba su tambaya, ya sa su riƙe alli su yi wa juna bayani. In sun maƙale ya tambaye su me lakcara ya ce a nan, su buɗe takardunsu.

Ka ga wannan ya sauƙaƙa maka ma. Shirya lakca uku kowane mako shi ke cinye maka dare. Ka sake sanarwa, ka ce zaman pasko ne, wato bitar tambayoyin jarrabawar baya, na aji gaba ɗaya. Kalmar pasko kaɗai za ta cika maka ɗaki.

Ɗan Tafo:
Yaya, na yarda da ke, amma a yi hankali da pasko ɗin nan. In zama ya koma haddar amsoshin bara, ranar da lakcara ya juya tambaya kowa sai ya kife. Sannan maganar biya, ni ban ga laifin yaran ba. Mutum ya taso daga Kotei ko Ayeduase ranar hutunsa, ko ruwan leda ba a ba shi ba, a ce masa lada na wurin Allah. Lada gaskiya ne, amma cikinsa fa?

Tsohuwar sakatariya, Ayigya:
Shi ya sa na ce su riƙe alli. Ba a raba amsa, tambaya ake rabawa.

Mai hidimar ƙasa a sashen lissafi:
Ina aikin mataimakin lakcara a bana, bari in faɗa maka abin da nake gani daga wancan gefen teburin. Tun da aka fara sakandare kyauta a 2017, rukunin farko suka fito a 2020, azuzuwan aji ɗaya sun cika maƙil. Yaron da ke can baya ba zai ɗaga hannu a gaban ɗaruruwa ba, mu kuma ba za mu iya bin kowa ɗai-ɗai ba. Saboda haka lakcarori na son irin abin da kake yi, sai dai yawanci ba wanda ke gaya musu.

Ka je wurin uban ƙungiyarku, ai kowace ƙungiyar sashe tana da lakcara mai kula da ita. Kada ka nemi kuɗi. Ka nemi abu biyu: ɗakin karatu a tsayayyen lokaci, da takardar shaida mai sa hannun shugaban sashe ga duk wanda ya jagoranci zama har ƙarshen semesta. Ɗan aji uku da ke neman wurin koyon aiki lokacin hutu, ko tallafin karatu gaba, wannan takardar ta fi masa sidi hamsin. Kuma ka nemi 'yan aji biyu, ba 'yan ajinku kaɗai ba. Su ne suka gama darasin jiya-jiya, sun tuna daidai inda ya shaƙe su.

Game da makinka: CWA da nauyin darasi ake lissafa shi, darasi mai kiredit 4 in ya ja ka ƙasa, mai kiredit 2 ba zai ɗago ka ba. Ka duba manyan darussanka na wannan semesta, ka ware musu dararensu tukuna. Kuma mafi yawan maki yana jarrabawar ƙarshe, ga kai ga yaran, babu wanda ƙofa ta rufe masa tukuna.

'Yar Asawase:
Duk an yi maganar kunya, ba wanda ya yi maganar Asabar. Ɗan uwa, ka manta da gida ne? Da yawa cikin yaranmu ba sa kwana a Republic ko Africa Hall, daga gida suke zuwa. Yarinya a Asawase ko Sawaba ranar Asabar ga wanki, ga girki, ga makarantar ƙanne, ga suna ko aure a maƙwabta. Ta ce wa Hajiya a ba ta kuɗin tirotiro zuwa Tech ranar da babu lakca? Sai an tambaye ta wurin wa za ta. Ka duba jadawalinsu tare da wakilin aji, ka samo awa ɗaya da rabi a tsakiyar mako lokacin da suke cikin makaranta. Kuma ka sa mace ko ɗaya cikin masu jagoranci. Akwai tambayar da yarinya ba za ta yi wa namiji ɗan aji uku ba ko da za ta faɗi.

Ɗan Aboabo:
Na gode ƙwarai. Yaya 'Yar Asawase, gaskiya ne, akwai gibi ranar Laraba da rana. Amma yaran zangon nan da suka riga suka ɓuya, yaya zan yi in dawo da su ba tare da na nuna su da yatsa ba?

Malamin makaranta, Yalwa:
Kada ka kira su a guruf, kada kuma ka ce "na ji ka faɗi". Bayan sallar Juma'a a masallacin jami'a, ko a zaman GMSA, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ka ja mutum gefe ka ce kana neman wanda zai taya ka, ya zo da abokai biyu ranar Laraba. Wanda aka gayyata don ya taimaka yana shigowa da kansa a sama.

Sannan ka saurara da kyau in kun keɓe. Wani ba aljabara ce damuwarsa ba, kuɗin makaranta ne, ko bai ci komai ba tun kokon safe. Wannan ya fi ƙarfin kwamitinka, kada ka ɗora wa kanka. Ka nuna masa hanyar asusun rancen ɗalibai, SLTF, yanzu da Ghana Card ake nema ba sai da mai tsaya masa ba. Wanda ka ga ya daina magana da kowa, ka raka shi cibiyar ba da shawara ta jami'a da ƙafarka.

Tsohon ma'aji, Bomso:
Kuɗin ƙungiya kuɗin ɗalibai ne, har da 'yan aji ɗaya da suka biya. Ka rubuta ƙaramin kasafi, alli, buga takardu, ruwa da ɗan abin taɓawa ga masu jagoranci, ka kai taron shugabanni a rubuce. In an ƙi, ka karanta shi a babban taro, a gani ko ɗalibai za su zaɓi kiɗa a kan wannan. Amma ko sisi kada ka karɓa ta MoMo ɗinka na kanka, ko da wani tsohon ɗalibi ne ya ce zai taimaka. Ta hannun ma'aji, da rasit. Sunan mutum a nan yake ɓaci.

Alhajin Sabon Zango:
To, buga takardun na wannan semesta ni zan biya. Ɗana, ka ce ma'ajinku ya neme ni.