Tarurrukan da ake shirya wa ɗaliban kiwon lafiyar al'umma: wanne ne ya amfane ku?

Ɗaliba a aji uku, Kano:

Assalamu alaikum, yayyena da malamaina. Ƙungiyar ɗaliban sashenmu ta ɗora mini alhakin tsara makon ɗalibai na wannan zangon, kuma kuɗin da ke hannunmu ba zai ɗauki zama da yawa ba. An kawo mana shawarwari uku: zama kan hanyoyin samun aiki bayan kammala karatu, zama kan lafiyar ƙwaƙwalwa da walwalar ɗalibi, sai kuma zama kan adalci wajen samun kulawar lafiya tsakanin mai hali da talaka, da tsakanin birni da ƙauye. Ina roƙon duk wanda ya taɓa halartar irin waɗannan tarurruka ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa da abin da ya ƙaru da shi, domin mu guje wa tara mutane su saurari jawabi su watse ba tare da wani abu ya sauya ba.

Jami'in sa ido kan cututtuka a wata ƙaramar hukuma, Jigawa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Aikin da nake yi yau ya samo asali ne daga wani zama da aka shirya mana a shekararmu ta ƙarshe. Baƙon da aka gayyato ya fito ne daga shirin horar da masu bin diddigin cututtuka a fage, wanda aka kafa a Najeriya a 2008, ake kuma gudanar da karatunsa na digiri na biyu tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan. Bai tsaya ba mu tarihin kansa ba. Ya raba mana kwafin takardar da ake cikewa idan an samu rahoton wata cuta, ya sa kowa ya cike ta bisa wani misali na amai da gudawa, sannan ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana nuna inda aka bar gurbin ranar da ciwo ya fara, ko inda aka rubuta sunan gari ba tare da sunan unguwa ba. Ya bayyana mana cewa irin wannan gurbin shi ne ke sa tawaga ta kasa gano rijiyar da cuta ta fito.

Daga nan ya kawo batun Ebola ta 2014, yadda ta shigo Legas, mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ciki har da Dakta Ameyo Adadevoh, aka kuma ayyana ƙasar ta rabu da ita a ranar 20 ga Oktoba na shekarar. Ya nuna cewa ma'aikatan da suka ƙware a yaƙi da shan inna suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyin bin sawun mutanen da suka yi mu'amala da marasa lafiya, gida gida, kuma aiki ne na haƙuri da rubutu mai tsabta.

Abin da na ɗauka daga wurinsa shi ne in koyi Excel da Epi Info, manhajar nazarin bayanan cututtuka, da tattara bayanai a waya da manhajar KoboCollect kafin in tafi bautar ƙasa, in kuma nemi a tura ni sashen lafiya na ƙaramar hukuma maimakon ofishin da zan zauna ba aiki. Shawarata gare ki ita ce ki gayyato wanda zai sa ɗalibai su yi aiki da hannunsu a cikin ɗakin taron.

Ɗalibi mai digiri na biyu, Sakkwato:

Na halarci zama iri biyu kan adalci a harkar lafiya, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce nake so in bayyana. Na farko an yi shi a wani babban otal, da Turanci daga buɗewa har rufewa. An yi bayani mai kyau kan taron Alma-Ata na 1978 game da kula da lafiya a matakin farko, da rahoton 2008 na kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya da Michael Marmot ya jagoranta, wanda ya nuna cewa inda aka haifi mutum da abin da yake ci da aikin da yake yi su ne ke tsara yawan lafiyarsa tun kafin ya taka asibiti. Ilimi ne na gaske, kuma ban raina shi ba, sai dai babu ungozoma ko ma'aikacin asibitin karkara ko mai unguwa ko ɗaya a cikin masu magana, alhali kuwa su ake ta ambata.

Na biyu malaminmu ne ya tsara shi, ya fara da cutar noma, wadda ke cin baki da fuska. Asibitin da ke kula da masu wannan cuta a nan Sakkwato an kafa shi tun 1999, amma sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Tana farawa ne da kumburin dasashi, tana kama ƙananan yaran da tamowa ta raunana ko waɗanda ƙyanda ta kwantar, kuma idan an gano ta da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da tsabtar baki suna tare ta. Wata ma'aikaciyar jinya ta yi mana bayani da Hausa cewa yawancin iyayen da ke zuwa a makare ba ƙin asibiti suke yi ba. Kuɗin mota da nisan hanya da rashin wanda zai tsare sauran yara su ne ke riƙe su, har ciwon ya ci fuska. A wannan zaman na gane dalilin da ya sa ba a ganin cutar noma a gidajen masu hali.

Malamin ya ɗora da gubar dalma ta Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu saboda ana niƙa duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a cikin gidaje, ya kuma tambaye mu wace irin faɗakarwa ce za ta raba magidanci da sana'ar da take ciyar da iyalinsa. Muhawarar da ta biyo baya ta fi kowace lakca da na taɓa zama amfani. Idan za ki zaɓi zama ɗaya tak, ƙanwata, ki zaɓi wannan, a yi shi da Hausa, kuma a bai wa ƙananan ma'aikata kujerar gaba.

Ɗaliba mai aure, Zariya:

Ina ganin ƙimar abin da ɗan'uwanmu na Sakkwato ya faɗa, amma ina roƙon kada a jefar da zaman walwala. Da yawa daga cikinmu ma'aikata ne da suka dawo ƙaro karatu, wasu sun yi aiki a lokacin ɓarkewar mashaƙo ta 2023 sun ga yara suna rasuwa a gabansu, sannan ga kuɗin makaranta da hidimar gida. A zaman da na halarta, likitar ƙwaƙwalwa ce ta zo, ta sa aka rubuta tambayoyi a takarda ba suna, aka kuma raba mata da maza zuwa ƙananan rukuni. Tambayoyin da suka fito kan rashin barci, da fargabar jarrabawa, da shan ƙwayoyi don a iya karatun dare, ba wanda zai ɗaga hannu ya yi su a bainar jama'a. Ta kuma sanar da mu cewa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta faɗa mana ranar da ake ganin likita da inda za a je. A kuma sa zaman da safe, domin wadda za ta ɗauko yara daga makaranta ba za ta iya tsayawa bayan la'asar ba.

Ɗalibi daga Maraɗi:

A Nijar an mai da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta tun 2006. A wani zama da muka yi, shugaban wata likita (wato asibiti) ta karkara ya bayyana mana cewa idan kuɗin maganin kyautar da ake mayar wa cibiyar lafiya ya yi jinkiri, magani yakan ƙare, uwa ta koma saye a waje. Ina ba da shawarar a gayyato mai riƙe da lissafin asibiti, domin shi ne ya san inda kyauta take tsayawa.

Malami mai ritaya, Kaduna:

'Ya'yana, na ji daɗin wannan tattaunawa, kuma maganar ɗana na Maraɗi ta shafe mu kai tsaye. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya tare da tanadin asusu don marasa galihu, shugabannin Afirka kuma sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Na zauna a tarurrukan ɗalibai da dama inda aka karanto waɗannan alƙaluma, amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ɗalibai suka fara zuwa wani asibitin sha-ka-tafi, suka tambayi mai kula da shi ko kuɗin yana isowa da abin da ake saye da shi, sannan suka dawo suka gabatar da abin da suka ji. Ina kuma jan hankalinku kada takardar shaidar halarta ta zama abin da ke kawo mutane, domin masu ɗaukar aiki sun fi tambayar abin da mutum ya iya yi.

Jami'in sa ido kan cututtuka, Jigawa:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Game da ziyarar, ƙanwata, ki sa shugaban sashe ya rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukumar da kuka zaɓa tun da sauran lokaci, ku kuma fara sauka wurin dagaci ku gaishe shi kafin ku shiga asibitin. Ku nemi ranar awo ko ranar riga-kafi, domin a ranakun ne za ku tarar da iyaye mata, kuma kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa.