Muhawara: Shin gaggawa ta sa an tsallake matakai wajen samar da rigakafin korona?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum. Ina so in gabatar da wata magana da ta daɗe tana damuna, kuma zan ji daɗi idan waɗanda suka fi ni sani a fannin lafiya suka tanka mini. Ƙungiyar CEPI, wadda take tallafa wa binciken rigakafi, ta sa wa kanta burin cewa idan wata sabuwar annoba ta ɓulla, a samar da allurar rigakafinta cikin kwana 100. Ni kuwa a ganina ko a lokacin korona an yi gaggawar da ta wuce kima. A watan Janairun 2020 masana a ƙasar Sin suka fitar da bayanin ƙwayar cutar, a ranar 8 ga Disamban shekarar kuma aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 allurar Pfizer ta farko bayan amincewar hukuma a birnin Coventry na Ingila, wato ko shekara guda ba a cika ba. Kafin wannan, rigakafin da ake kafa misali da saurinsa shi ne na hangum, shi ma shekara 4 ya ɗauka. Na zazzaɓin cizon sauro an haura shekara 30 ana fama kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2021, na ƙanjamau kuwa har yau shiru. Da'awata ita ce aikin da ya saba cin shekara 10 ba zai kammalu cikin wata 11 ba sai an tsallake wani mataki, saboda haka waɗanda suka yi ɗari-ɗari da allurar suna da hujja.

Dakta Asma'u:
Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Tambayarka tana kan hanya, amma ina roƙonka ka nuna mana matakin da aka tsallake. Abin da ke cinye shekaru a aikin rigakafi galibinsa jira ne, jiran kuɗi da jiran hukuma ta duba takardu, sannan jira mafi tsawo, wato jiran cutar ta kama isassun mutane daga cikin waɗanda ake gwajin a kansu. A gwajin mataki na uku ana raba masu sa kai gida biyu, a yi wa rabi allurar, rabin kuma a yi musu ruwan gishiri, ba tare da kowa ya san wanne aka yi masa ba, sannan kowa ya koma harkokinsa a zuba ido. Idan cutar ba ta yaɗuwa sosai, sai a shafe shekaru kafin a tara adadin da zai isa a yanke hukunci. A 2020 kuwa cutar tana ko'ina. Gwajin Pfizer da BioNTech ya ƙunshi fiye da mutum 43,000, kuma cikin 'yan watanni mutum 170 suka kamu. Da aka buɗe rajista sai aka tarar 162 daga cikinsu ruwan gishiri aka yi musu, 8 kawai ne masu allurar. Daga nan alƙaluman kariyar kashi 95 cikin 100 suka fito.

Sannan aikin ba a 2020 ya fara ba. Cutar SARS ta 2002 da MERS ta 2012 dangi ɗaya suke da korona, don haka masana sun riga sun san ƙayar da ƙwayar cutar ke amfani da ita ta kutsa cikin jiki. Dabarar mRNA ma, wato aika wa jiki saƙon yadda zai haɗa wannan ƙayar da kansa don garkuwarsa ta gane ta, masana biyu Katalin Karikó da Drew Weissman sun warware babbar matsalarta tun 2005. Gwamnatoci, musamman ta Amurka, suka zuba biliyoyin daloli, aka fara haɗa allurar a masana'antu tun kafin sakamako ya fito, bisa sharaɗin idan ta gaza a zubar da ita. Game da ƙanjamau kuwa, ƙwayarta tana sauya kama ba ƙaƙƙautawa, kuma jikin ɗan Adam ba ya iya kawar da ita da kansa, alhali mafi yawan waɗanda korona ta kama garkuwar jikinsu ta ci galaba, saboda haka masana suna da abin kwaikwayo.

Alhaji Garba:
Dakta, tun da kin nemi a nuna matakin, ga shi. A ranar 11 ga Agustan 2020 Rasha ta yi wa rigakafinta mai suna Sputnik V rajista tun kafin a fara babban gwajin mataki na uku. Na biyu, akwai abin da kuɗi ba ya saye, wato lokaci. Hukumar magunguna ta Amurka kimanin wata 2 ta buƙaci a bibiyi masu sa kai bayan allurar ƙarshe. A 1976 an yi wa fiye da mutum miliyan 40 allurar murar aladu cikin gaggawa a Amurka, sai daga baya aka dakatar saboda wani ciwon shanyewar jijiyoyi da ya ɓulla a jikin wasu. A 2009 ma allurar murar aladu mai suna Pandemrix ta haddasa wa wasu yara a Finland da Sweden ciwon barci, kuma sai bayan watanni aka gano. Ita kanta allurar AstraZeneca ba a ga matsalar daskarewar jini a gwaji ba, sai da aka yi wa jama'a.

Dakta Asma'u:
Alhaji, game da Rasha ban da ja, kuma masana daga ƙasashe da dama sun yi tir da matakin tun a makon da aka sanar. Sai dai laifin ƙasa guda ba zai shafi gwaje-gwajen da aka kammala a gaban kowa ba. Maganarka ta biyu ita ce mai nauyi, amma ina ganin matsalar ta adadin mutane ce fiye da ta shekaru. Illar da ke samun mutum 1 cikin 100,000 da wuya ta bayyana a cikin mutum 20,000, ko da an yi shekara 10 ana kallonsu, dole sai allurar ta shiga jikin miliyoyi. Haka abin yake ga kowane sabon magani, na gaggawa da na tsanaki. Abin tambaya shi ne ko akwai masu sa ido bayan an fara, kuma akwai su. A watan Maris na 2021 aka fara samun rahoton daskarewar jini, zuwa Afrilu Denmark ta daina amfani da allurar baki ɗaya, Birtaniya kuma ta ce a ba 'yan ƙasa da shekara 30 wata daban. Haka aka gano kumburin zuciya da allurar mRNA ke jawo wa wasu samari ƙalilan.

Ina so kuma a tuna da waɗanda suka faɗi, domin ba a cika ambatonsu ba. Kamfanin Merck, duk da daɗewarsa a wannan sana'a, ya watsar da nasa rigakafin a Janairun 2021 saboda bai tayar da garkuwar jiki yadda ake so ba. Jami'ar Queensland ta Ostireliya ta dakatar da nata a Disamban 2020, domin yana sa gwajin ƙanjamau ya nuna mutum ya kamu alhali lafiyarsa ƙalau. Na kamfanin CureVac na Jamus ko rabi bai kai ba a kariya, aka janye shi. Da tankaɗen ba ya aiki, da duk waɗannan sun shiga kasuwa.

Malama Rabi:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina cikin waɗanda suka yi wa jama'a allurar. A lokacin, kwalbar AstraZeneca ta mutum 10 ce, kuma da zarar an huda ta dole a ƙarar cikin awa 6 ko a zubar, don haka sai in tara mutane a benci kafin in buɗe, bayan allurar kuma su zauna minti 15 ina lura da su. A wannan zaman nake jin abin da ke ransu, kuma kusan babu mai tambayata matakan gwaji. Tambayarsu guda ce: idan an yi mini, shi ke nan ba zan kamu ba? Da yawa daga cikin manya da masu shela sun bar su da wannan fahimta, alhali gwajin abin da ya auna shi ne kariya daga rashin lafiya, bai auna hana yaɗuwa ba. Da nau'in Omicron ya ɓulla a Nuwamban 2021 ya riƙa kama masu allura, sai mutanen nan suka dawo mini da fushi. Na yi ta bayanin cewa har yanzu tana kare mutum daga kwanciya asibiti da mutuwa, wanda gaskiya ne, amma mutumin da aka yi wa alkawarin da bai cika ba yana da wuyar saurare.

Malam Habibu:
Malama Rabi, kin taɓo inda yake mini ciwo. Bayanin Dakta a kan jira ya gamsar da ni a ɓangare guda, amma ban sauka daga matsayina ba. Idan har akwai illolin da ba za a gani ba sai an yi wa miliyoyi, to miliyoyin farko su ma cikin gwaji suke, kuma haƙƙinsu ne a faɗa musu haka ƙarara kafin su miƙa hannu.

Hajiya Zainab:
Malam Habibu, na yarda a faɗa musu, amma a haɗa da faɗa musu abin da jira zai ci. A watannin da ake wannan gwaji dubban mutane ne ke mutuwa kullum a duniya, asibitoci sun cika, iskar oksijin ta yi ƙaranci. Wani ƙiyasi da masana a Imperial College ta Landan suka wallafa a 2022 ya nuna allurar ta ceci rayuka kusan miliyan 20 a shekararta ta farko. Ƙiyasi ne, ana iya jayayya da girmansa, amma ko rabinsa aka ɗauka ya isa a yi tunani.

Ni abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda aka yi wa ƙasashe matalauta. A Afrilun 2020 wasu likitoci biyu a Faransa suka ba da shawara a talabijin cewa a je Afirka a yi gwaji, har sai da shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Ghebreyesus, ya fito ya yi Allah wadai. Da allurar ta samu kuma, ƙasashe masu arziki suka saye mafi yawanta tun kafin a haɗa. Shirin COVAX, na raba allurar ga ƙasashe matalauta, bai kai kason farko Ghana ba sai ƙarshen Fabrairun 2021, ba a jima ba Indiya ta dakatar da fitar da tata saboda annobar ta yi mata tsanani. Daga baya wasu ƙasashen suka karɓi gudunmawar allurar da ta kusa lalacewa. Wanda aka tuna da shi lokacin gwaji aka manta da shi lokacin rabo, yaya za a yi ya saki jiki?

Alhaji Garba:
Hajiya, a wannan muna tare. To Dakta, koma ga tambayar farko. Idan wata 11 ya bar mu da wannan jayayya, me za a rage har a kai kwana 100?

Dakta Asma'u:
Alhaji, tsarin shi ne a yi mafi yawan aikin tun kafin annobar ta zo. A zaɓi dangogin ƙwayoyin cutar da aka fi jin tsoro, a haɗa samfurin rigakafi ga kowane dangi, a gwada lafiyarsa a jikin mutane a lokacin zaman lafiya, a tanadi masana'antu da cibiyoyin gwaji a nahiyoyi daban-daban, ta yadda idan sabuwar ƙwaya ta ɓulla gyara kaɗan za a yi, kamar yadda ake sabunta allurar mura kowace shekara. Wannan ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Amma cikin kwana 100 ba za a iya yin allura biyu, a bibiyi dubban mutane wata 2, a kuma tattara sakamako irin na 2020 ba, sai dai a dogara da awon garkuwar jiki a cikin jini. Ga cuta mai kashe kaso mai yawa na waɗanda ta kama, irin Ebola, zan yarda a fara da ma'aikatan lafiya da waɗanda suka yi cuɗanya da masu cutar, bayan an bayyana musu abin da aka sani da abin da ba a sani ba tukuna. Ga cuta mai sauƙi kuwa, musamman idan yara da samari masu lafiya za a yi wa, ni ma zan nemi a jira sakamakon mataki na uku.