Giyar Polaris Sportsman 500 na ƙara duk da an rage silo

Salamu alaikum, iyayen gida makanikai. Babur ne mai ƙafa huɗu, Sportsman 500 mai kafireta. Daga firi zuwa ribas ko babbar giya sai ka ji ƙarrr, amma in inji a kashe yake, giya na shiga sumul.

An bar inji ya yi zafi, an sassauta sukurun silo (gudun inji in ba a taɓa totur ba) daga juyi 1,600 zuwa 1,200 a minti, wayar totur ma ba ta ɗame ba. Ƙarar ta ragu, ba ta tafi ba. Ƙasa da haka inji mutuwa yake.

Da aka buɗe murfin bel ɗin da ke haɗa kulocin gaba (na inji) da na baya (na giya), kulocin baya na juyawa a silo, alhali bel bai kamata ya ja shi ba. Bel ɗin ne ya yi gajere, ko kulocin biyu sun kauce layi? Wanne za a fara aunawa?