Shawarwarin Masu Tara Tsohuwar Bindigar Lee-Enfield

A tattaunawar masu tara tsofaffin bindigogin soja a Amurka kan Lee-Enfield, irin wadda sojojinmu suka riƙe a yaƙin Bama, baki ya zo ɗaya kan lamba: ta jikin bindiga ta dace da ta sakatarta, wato ƙarfen da ake ja a tura harsashi ciki, domin mai haɗe-haɗe darajarta faɗuwa take. A haska cikin bututun, don tsohon harsashi kan bar gishiri mai jawo tsatsa. Sun fi zafafawa kan katako: kada a kankare shi, akwai tambarin asali a jiki, kuma wallahi gaskiyarsu ce. Kafin harbi, gwani ya duba ta. Lasisin masu tarawa a can ya shafi wadda ta kai shekara 50.