Kalmar "palice" a tsohon harshen Sikot: ko yaushe fada take nufi?

Ɗalibin Turanci, Unguwar Zariya, Maradi

Assalamu alaikum malamai. An ba ajinmu aikin fassara wasu layuka na takardun Sikotlan na ƙarni na 16 zuwa Hausa. Kalma ɗaya ta tsaya mana a wuya: wani wuri palice, wani wuri palyce, wani kuma paleis. Duk kalma guda ce? In kuwa guda ce, mu sa "fada" ko'ina mu wuce?

Malamin Harsuna, Mokoyo

Wa alaikumus salam ɗana. Mafi yawan lokaci guda ce. Kafin 1700 marubutan harshen Sikot ba su da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu: i da y suna musanya, ƙarshen kalma ya zo -ce, ko -s, ko -is, har a hannun magatakarda ɗaya. Asalinta Palatium, sunan ɗaya daga tuddai bakwai na birnin Rum, inda sarki Agustus ya zauna. Sunan tudun ya koma sunan gidan sarki, ya shiga tsohon Faransanci, daga can ya isa Birtaniya. Ita ce palais ɗin Faransanci da kuka koya tun firamare.

Amma kada ka yi saurin sa "fada". Wurinmu in an ce fada, ba gini kaɗai ake nufi ba: sarki ne zaune da fadawa da dogarai, ana gaisuwa, ana shari'a, kamar yadda ake gani nan Maradi ko Tsibiri. Su wannan zaman suna da wata kalma tasa, court. Palice ta fi karkata ga ginin kansa, shi ya sa sau da yawa "gidan sarauta" ya fi dacewa. Gidajen da sarakunan Sikotlan na zuriyar Stewart suka gina su ne misali: Linlithgow, wanda James na ɗaya ya fara sake ginawa bayan gobarar 1424, inda aka haifi sarauniya Mary a 1542, Falkland, inda mahaifinta James na biyar ya rasu a watan Disamba na wannan shekarar, da Holyroodhouse a Edinbara. Manyan limaman coci ma nasu gidan palice ne, kamar Spynie na bishop-bishop ɗin yankin Moray. Can in ka ce fada ka naɗa wanda ba sarki ba.

A waƙa kuma takan zama siffantawa. Marubucin waƙa Gavin Douglas ya rubuta The Palice of Honour wajen 1501, gidan da ke cikinta na mafarki ne, mazaunin daraja. Nan dai "fada" ta zauna daidai.

Mai zanen gini, Sabon Gari

Malam ya gama da gefen harshe, bari in ƙara na gini, don nan ne fassara ta fi karyewa. A Sikotlan palice na iya zama ɓangare ɗaya kawai cikin babban gida mai ganuwa. Dubi gidan ganuwa na garin Stirling. Ganuwa ta zagaye komai, a ciki akwai babban ɗakin taro na James na huɗu, akwai ɗakin ibada, sannan akwai gini guda mai tsakar gida da James na biyar ya sa aka tayar wajen 1540, mai ɗakunan sarki a gefe, na sarauniya a gefe. Wannan ginin kaɗai ake kira palice. In takardar kuɗi ta ce an sayi katako ko farar ƙasa don palice na Stirling, sashen kwanan sarki ake gyara, ba ganuwa ba, ba dukan gidan ba.

Masanin tarihi W. Mackay Mackenzie, a littafinsa na 1927 kan gidajen ganuwa na Sikotlan, ya kawo hujja cewa palatium a takardun Latin na ƙasar sau da yawa doguwar shimfiɗar gini take nufi, mai babban zaure da ɗakuna jere, saɓanin hasumiya da ake ɗora ɗaki bisa ɗaki. Ke nan fasalin gini ne, ba muƙamin mai gida ba. Abin da ya faru a garin Culross ya nuna haka. Gidan da ake kira Culross Palace na George Bruce ne, attajirin gawayin ƙasa da gishiri, an gina shi tsakanin 1597 da 1611, kuma babu sarkin da ya taɓa mayar da shi mazauni. Mai fassara shi da Hausa ya ce "babban gidan attajiri" ko "soro", ya huta.

Malamin Harsuna, Mokoyo

Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Akwai kuma tarko biyu da suka fi wannan muni, don su kalmomi ne dabam masu kama da juna a ido.

Na farko palis, wadda ita ma akan rubuta ta palice ko paleis. Daga palus ta fito, wato turke a Latin, ma'anarta shingen itace da aka kakkafa, abin da kakanninmu suka kira kafi. Ƴar'uwarta ce peel: Edward na ɗaya na Ingila ya kafa irin wannan kafin a Linlithgow wajen 1302, har yau filin da ke kewaye da gidan sarautar Peel ake ce masa. Ka ga gari ɗaya da kalmomin biyu. Kamar a rubuta maka "fada" ba ƙugiya ne, sai jimla ta gaya maka ko gidan sarki ne ko rigima.

Ta biyu place, daga platea, wato fili ko faffaɗar hanya. A Sikotlan ana kiran gidan mai gari ko mai ƙasa "the Place", kuma in rubutun hannu ya cakuɗe abu kaɗan ne tsakaninta da palice.

Saboda haka, ɗana, kafin ka zaɓi kalma, fara da duba irin takardar: waƙa ce, lissafin ma'aji ne, ko takardar mallakar ƙasa. Sai ka dubi maƙwabtan kalmar. In ka ga turaka na itace, ƙusa, barewa da dajin farauta, shinge ne. In ka ga tagogi, gilashi, murhu, rufin ɗaki, gini ne, sai ka tambayi na wane ne: sarki, bishop ko attajiri. Daga nan ka buɗe Dictionary of the Older Scottish Tongue, ƙamus mai juzu'i 12 da aka wallafa daga 1931 zuwa 2002, yana intanet kyauta. Kada ka nemi rubutu ɗaya ka tsaya: gwada da i, gwada da y, gwada ƙarshen -is, don kalmar gini da ta shinge kowace da shigarta dabam, kuma kowane misali an sa masa shekararsa.

Ɗalibin Turanci, Unguwar Zariya, Maradi

Allah ya ƙara sani, malamai. Layi na uku cikin aikin namu yana maganar masassaƙa da itacen da aka saro don paleis na dajin farauta. Mun sa masa "fada", yanzu za mu mayar da shi "shinge".