Musayar waƙa: gadon gidan Paston da shari'ar Sarkin Ingila

Malamin Zaure:
Sallama gare ku, ma'abota zaure,
Ingila za mu, ku biyo a jere,
Zancen gado ne da ya zo a ɗaure,
A lardin Norfolk aka yi rigima.

Alƙali Paston, mutum mai himma,
Ya sayi Gresham, ƙasa ta noma,
A 1444 ya kwanta dama,
Ya bar wa John, ɗansa, gona da suna.

Basarake Moleyns, mai fada a fada,
Ya ce ta matarsa ce tun can da,
A 1448 ya shigo da gadara,
Ya ƙwace ƙasar da ƙarfin tsiya.

Uwar Marayu:
Malam, Allah gafarta, ka yi tsallake,
Ka bar Margaret, matar John da ba ta sake,
Miji na Landan, shari'a ta sarƙe,
Ita aka bar wa tsaron gida.

Ta aika wa miji da wasiƙa,
Ya sayo kibau, ya sayo baka,
Abin da ya sa ni kusan yin kuka,
Har da sukari ta sa a takarda.

Janairun 1450 suka auko,
Mutum dubu, in ji koken da ya taso,
Su 12 ne a ciki, aka fasa bango,
Aka fitar da ita waje da ƙarfi.

Malamin Zaure:
Hajiya, na karɓi gyara, kin yi daidai.
John ya kai kuka gun Sarki Henry na shida,
Aka sa zama a 1451,
Sai wakilin sarki na lardi ya faɗa:
Takarda ta zo daga can sama,
A zaɓo masu hukuncin da za su wanke Moleyns.
Wannan baitin na bar shi ba amsa-amo,
Don raina ya ɓaci, ba na iya rerawa.
Gresham dai ta dawo hannun John a shekarar,
Amma wanda ya fasa gidan bai ɗanɗana kuɗa ba.

Ɗan Auta:
Baba Malam, a yi mini afuwa,
Gresham tasu ce, ba na musawa,
Amma Caister fa, katafaren gidan attajiri Fastolf, akwai tambaya,
Wa ya ga wasiyyar a rubuce?

Fastolf ya rasu a 1459,
John ya ce da baki ya ba shi dukiya,
Lauyansa ne shi, a gefen gadon jinya,
Abokan wasicci suka ce ƙarya ce.

Malamin Zaure:
Ɗana, tambayarka tana kan hanya,
Sai dai wannan aikin kotu ne da hujja,
Sarautar Norfolk ba ta jira ba,
Mowbray mai sarautar ya zo da bindiga da mayaƙa.

A 1469 ya yi wa Caister zobe,
Kusan mutum 30 ke ciki a kulle,
Daubeney, baran gidan Paston, a nan ya faɗi,
Yunwa da ƙarancin albarushi suka buɗe ƙofa.

Ina Sarki Edward a wannan loto?
Yana hannun basarake Warwick, an tsare shi,
Wanda za a kai wa kuka na neman ceto,
Wa zai aika ya ce a janye?

Jikan Manomi:
Iyayena, ku ba ni baiti biyu,
Don akwai waɗanda ba a ambata ba,
Masu noman haya a Drayton da Hellesdon, ƙasashen gadon Fastolf,
Kowane ɓangare na neman kuɗin ƙasa.

A 1465 mutanen Margaret da kansu
Suka kore shanu 77 na talakawa,
Sai an biya su sannan a sako,
In sun biya nan, can ma ana jira.

Uwar Marayu:
Ɗan nan, ka taɓa ni inda ke ciwo,
Na yabe ta, ban janye yabo ba,
Amma shanun nan ba zan kare ta ba,
Mai garma bai ci gadon kowa ba.

Malamin Zaure:
Bari in kai ku inda ta tsaya,
Sau uku John na shiga kurkukun Fleet,
Ya rasu a 1466 ana ta ja-in-ja.
Mowbray ya cika a Janairun 1476,
Bai bar ɗa namiji da zai riƙe ba,
Sannan Caister ta dawo hannun 'ya'yan John,
Sarki ya tabbatar musu a shekarar,
Uban na da shekara goma a ƙasa.