Maigida na son haɗa azumin Litinin da Alhamis da tsarin 5:2 saboda suga

Maman Ummi, Pantami: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Maigidana na da ciwon suga nau'i na biyu, yana shan metformin da glibenclamide. Wani abokinsa a kasuwa ya kawo masa zancen tsarin 5:2, wai kwana biyar a ci yadda aka saba, kwana biyu a ci ɗan kaɗan, kalori 500 zuwa 600. Shi kuwa ya ce ai Litinin da Alhamis ke nan, ga lada ga lafiya. Har yana maganar ajiye magani. Ni hankalina bai kwanta ba.

Baban Sadik, Kumo: Wa alaikumus salam. Rage ƙiba na da amfani sosai, Hajiya. A Birtaniya an yi binciken DiRECT, sakamakonsa ya fito a 2017, kusan rabin waɗanda suka bi tsarin rage abinci sugansu ya daidaita ba magani bayan shekara guda. Amma fa likitoci ne ke bibiyar su, ba abokin kasuwa ba.

Anti nas, Tudun Wada: Maman Ummi, glibenclamide ɗin nan shi ne abin tsoro. Yana sa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, ko an ci ko ba a ci ba, sai suga ya faɗi warwas. Metformin shi kaɗai bai cika yin haka ba. Kafin Alhaji ya fara, ya je likita ya gyara masa magani da lokacin sha. Ku sayi na'urar gwaji, tsinka yatsa ba ya karya azumi. In ta nuna ƙasa da 70, ko sama da 300 (a ma'aunin mg/dL), ya karya azumin nan take. In kin ga gumi na keto masa, hannu na rawa, magana na sarƙewa, ki dama masa sukari a ruwa, kada ki jira magariba. Kuma ku lura, a 5:2 ana shan ruwa duk yini, azumi kuwa babu, ga zafin Gombe a Afrilu.

Goggo Hajara: Ku kula da buɗa baki ma. Mutum ya wuni da yunwa, ya zo ya danne kunun gyaɗa mai sukari, masa shida da tuwon shinkafa, ina ribar? Ki yi masa kwaɗon zogale da wake, dabino ɗaya ya isa.

Maman Ummi: Na gode, Allah ya saka. Anti, ranar asibitinsa Laraba ce, zan bi shi da kwalayen maganin duka.